Abdullahin Gwandu: Malamin da tafsirinsa ya yi shekara 145 a rubutun hannu

Duk wanda ya yi zaman makarantar allo a ƙasar Gwandu, a cikin gari ne ko a Masama ko Kalgo, ya san irin rubutun da malam ke yi wa yaro a kan allo. Baƙaƙe ne masu kauri, a tsaye kyam, a matse da juna. Fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya tak a sama. Da yawanmu mun rabu da wannan rubutu tun ranar da muka ajiye allo, domin Alƙur'anin da ke cikin wayoyinmu a yau da salon haruffan ƙasashen gabas yake zuwa.

Amma da dangin wancan rubutu na allo aka adana ilimin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya kafa gidan sarautar Gwandu. Ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil, a shekarar 1231 ta Hijira, wato 1816. Littafin bai shiga injin ɗab'i ba sai a 1961, a birnin Alƙahira. Kimanin shekara 145 ke nan yana tafiya daga hannu zuwa hannu, wannan ya kwafa ya ba wancan.

Tarihin Abdullahi tarihi ne na mutumin da ya riƙe takobi, ya riƙe mulki, amma duk lokacin da abubuwa suka dagule masa sai ya koma ga alƙalami.

Haihuwa da tasowa

An haifi Abdullahi a shekarar 1180 ta Hijira, daidai da 1766 zuwa 1767, a ƙasar Gobir. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa'u. Zuriyarsu Fulani ne Toronkawa, gidan da aka sani da malanta tun kaka da kakanni. Yayansa Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12.

A wurin mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka damƙa shi a hannun yayansa, wanda a lokacin ya riga ya fara wa'azi da karantarwa. A wurinsa ya karanta Ishiriniya da Witiriya, da waƙoƙin mawaƙan Larabawa na kafin Musulunci, da littattafan nahawu irin su Ajurumiya, da na fiƙihu irin su Ahalari da Ishmawi da Risala.

Bai tsaya ga yayansa kaɗai ba. Ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma malamin Shehu ne, ya kuma saurari Sahihul Buhari tare da Shehu a wurin Muhammadu ɗan Raji. Daga baya, a 1812, ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuk, inda ya jero malamansa da abin da ya karanta wurin kowannensu. Wannan littafi na cikin muhimman hanyoyin da masu tarihi ke bi su san tsarin karatun ƙasar Hausa a wancan zamani.

Matashin da ba ya barin littafi ya wuce

A cikin wannan ɗan littafi ne Abdullahi ya ba da labarin wata ɗabi'a tasa ta ƙuruciya. Da wuya wani littafin tauhidi ya shigo ƙasarsu, ya ji labarinsa, bai zauna ya kwafe shi ba.

Mai karatu na yau zai iya ganin wannan ƙaramin abu ne. A wancan lokaci babu kantin littattafai, babu maɗaba'a. Idan matafiyi ko alhaji ya iso da littafi, to aro za a karɓa na 'yan kwanaki, a zauna da alƙalami da kurtun tawada a kwafe shi kafin mai shi ya ɗaura kaya. Wanda hannunsa ba ya sauri, ko rubutunsa ba ya karantuwa, ilimi ya wuce shi.

Ita kanta takardar ba a nan ake yin ta ba. Mafi yawanta daga ƙasar Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus ko Masar, ta ratso Sahara a kan raƙuma. Idan ka ɗaga irin wannan takarda a haske za ka ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a wasa da shi. Shi ya sa marubuta suka saba matse baƙaƙe, su tsuke tazarar da ke tsakanin kalmomi, sannan a cika gefen shafi da sharhi. Tsadar takarda na cikin abubuwan da suka tsara kamannin rubutunmu.

Alƙalamin Shehu

Lokacin da Shehu Usmanu ya fita yawon wa'azi, Abdullahi na tare da shi. Sun zaga ƙasar Kabi, sun kuma yi kimanin shekara biyar a Zamfara daga wajajen 1786.

A wannan tafiya ce wani malami ɗan Barno, Mustafa Gwani, ya aiko wa Shehu da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar wurin wa'azinsa. Shehu ya umarci ƙanensa ya mayar da amsa. Abdullahi, yana ɗan kimanin shekara 20, ya amsa da waƙa a kan ma'auni da amsa-amo irin na mai sukar. Hujjarsa ita ce, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni a kan abin da ake gudu, kuma ana ware musu wurin zamansu daban. Tun daga nan aka san cewa idan ana bukatar amsa a rubuce, shi za a nema.

Yana tare da Shehu a Magami wajajen 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Babbar Sallah ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a ba shi izinin wa'azi, a daina hana mutane amsa kiransa, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

Da Abdullahi ya lura cewa malamai da dama daga cikin danginsu na ɗari-ɗari da Shehu, sai ya rubuta musu doguwar waƙa ta nasiha ya aika. Waƙar ta yi tasiri, manyansu suka zo suka mara wa Shehu baya.

Daga alƙalami zuwa takobi

Bayan rasuwar Bawa, dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir. Sarki Nafata ya kafa dokokin taƙaita wa'azi da hana rawani da lulluɓi. A zamanin Yunfa aka kai hari kan mutanen Abdussalami a Gimbana, abin da ya kawo ƙarshen zaman lafiya. A watan Fabrairun 1804 jama'a suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, Abdullahi ne kuma ya fara miƙa hannu.

A watan Yunin 1804 shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto, inda suka fatattaki rundunar Yunfa duk da ta fi su yawa da dawaki. Amma a ƙarshen shekarar suka sha mummunan kashi a Tsuntsuwa. An ruwaito cewa cikin waɗanda suka rasu akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A ƙasar da babu injin ɗab'i, mahaddaci shi ne maɗaba'a, don haka asarar ta wuce ta mayaƙa.

A 1805 Abdullahi ya jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya gudu. A wannan shekara ce jama'a suka koma Gwandu da zama. Kafin shekarar ta ƙare suka sake shan wahala a yaƙin Alwasa, har abokan gaba suka biyo su bakin Gwandu kafin a kore su. Daga nan aka gina wa garin ganuwa.

Ranar da ya juya wa runduna baya

Nasara ta fara zuwa, amma abin da Abdullahi ke gani a cikin jama'a bai yi masa daɗi ba. Abokansa na karatu, waɗanda suka san dalilin fitowa, da yawansu sun kwanta dama a fagen fama. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa, a ganinsa, hankalinsu na kan muƙami da ganima da dawaki da tufafin ado.

Wajajen 1807, ana cikin tafiya yaƙin Alƙalawa, sai ya sulale daga runduna tare da 'yan mutane ƙalilan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano, mutanen gari suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya gaya musu cewa abin da ya gudo wa a can shi ya tarar a nan. Duk da haka ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafi kan haƙƙoƙin shugabanni da nauyin da ke kansu.

Daga Kano bai ci gaba da tafiya ba, ya juyo gida. Birnin Alƙalawa ya faɗi a 1808, shi kuma ya ci gaba da jagorantar runduna ta yamma, har ƙetaren kogin Kwara zuwa ƙasar Gurma. Amma wannan fita tasa ta nuna halinsa. Da ya ga gyara ya gagara da baki, bai ɗauki makami a kan 'yan uwansa ba, littafi ya rubuta.

Shekarun Boɗinga

Da Shehu ya koma Sifawa, Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga, shi ya sa ake masa laƙabi da Mai Boɗinga. A 1812 Shehu ya raba ragamar mulki biyu: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello.

Waɗannan shekaru su ne mafi albarka ga alƙalaminsa. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci, tare da bayanin dalilin yin kowace, a littafin da ya kira Tazyinul Waraƙat, ma'ana ƙawata takardu. Littafin ya zama ɗaya daga cikin manyan madogaran tarihin jihadi, domin wanda aka yi komai a gabansa ne ya rubuta shi. A 1963 Jami'ar Ibadan ta buga shi da fassarar Turanci ta Mervyn Hiskett.

Ya rubuta Bahrul Muhiɗ kan nahawu, da Hisnur Rasin kan sarfu, dukansu a waƙe. Ya rubuta Liya'us Siyasat da Liya'us Sulɗan kan mulki da shari'a, da Fara'idul Jalila kan ilimin Alƙur'ani da ladubban koyonsa. Masu bincike sun ƙirga masa littattafai kusan 100, wasu ma sun ce sun haura. Saboda ƙwarewarsa a harshen Larabci aka riƙa kiransa Balaraben Sudan.

Bayan ya kammala Liya'ut Ta'awil, sai ya lura ya yi wa ɗalibai da yawa nauyi, domin ya tattaro ƙira'o'i da ra'ayoyin mazhabobi daban-daban. Sai ya taƙaita shi a wani littafin, Kifayatu Du'afa'is Sudan, inda ya tsaya kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya, waɗanda su mutanen ƙasarsa suka sani. Ruwayar Warshu kuwa ita ce ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da rubutun allo har gobe.

Ƙofar Sakkwato da Kalambaina

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817. Ruwayoyin tarihi sun nuna cewa kafin Abdullahi ya iso daga Boɗinga an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ya kuma tarar da ƙofar gari a rufe. Shi ne waziri, shi ne babba a shekaru da ilimi, kuma shi ya fara yi wa Shehu mubaya'a. Ya juya ya nufi Gwandu, aka yi 'yan shekaru ba ya ga maciji da ɗan yayansa.

Abin da ya haɗa su shi ne tawayen Kalambaina, wani gari kusa da Gwandu, inda magoya bayan Abdussalami suka taru suka gagari Abdullahi. Wajajen 1820 Bello ya taso da runduna daga Sakkwato ya kawo masa ɗauki, aka ci garin. An ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga kan doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa nuni ya zauna, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Da haka rigimar ta mutu, daular ta ci gaba da cibiyoyi biyu, Sakkwato da Gwandu.

Daga nan Abdullahi ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Muhammadu Buhari yawancin harkokin mulki da yaƙi. Ya ƙarasa rayuwarsa cikin karantarwa da rubutu. Ya rasu a shekarar 1245 ta Hijira, wato 1829, aka binne shi a Gwandu, inda har yau ake ziyartar hubbarensa.

Yadda rubutun yake

Da ya rasu, littattafansa suka rage a hannun masu kwafa. A nan ne ya kamata a dubi irin rubutun da suka yi aiki da shi.

Asalinsa daga Magrib yake, wato Arewacin Afirka, kuma yana da jini ɗaya da tsohon rubutun Kufa mai kusurwoyi. Shi ya sa ya bambanta da rubutun Masar da Saudiyya, wanda ke da lanƙwasa da sirantaka. A namu, alif da lam suna miƙewa sama kamar turaku, layin ƙasa yana kwanciya sambal, kaurin alƙalami kuma kusan ɗaya ne daga farkon harafi zuwa ƙarshensa. Nun da fa da ƙaf idan suka zo ƙarshen kalma sau da yawa ba a sa musu ɗigo, siffarsu ta isa ta nuna su. Akwai kuma ɗigon imala da ake sawa a ƙarƙashin harafi a ruwayar Warshu, wanda Hausawa suka ara suka riƙa rubuta wasalin e da shi a ajami.

Kaurin rubutu daga bakin alƙalami yake. Da karan gamba ko na dawa ake yin sa, kuma yadda aka feƙe shi ne ke sa ya yi faɗi ko ya yi tsini. Tawadar allo, wadda ake haɗawa da gawayi da ƙaro, tana wankuwa. Ta takarda kuwa da bagaruwa ake haɗa ta don ta zauna. A Alƙur'ani, baƙaƙe da baƙar tawada ake yin su, wasula da ja, hamza da rawaya. Ganyayen littafi ba a ɗinke su, sai dai a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabata don kada su rikice, a haɗa su a tadarishi, a sa a gafaka.

Hatta sunayen da almajirai ke kiran baƙaƙe da su siffa suke kwatantawa: alu ambaki, ba guje, mim jaye, ha kuri. Yaro na koyon kamannin harafi tun kafin ya san ma'anar abin da yake karantawa.

Rubutun ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Masana irin su A.D.H. Bivar, da Andrea Brigaglia a bayansa, sun bambanta hannun Barno mai nauyi da kusurwoyi, da hannun Kano mai kauri, da kuma hannun da ya fi sauƙi da sauri wanda malaman zamanin jihadi ke rubuta wasiƙu da littattafan ilimi da shi. Kowanne da aikinsa. Mai kauri na Alƙur'ani ne da abin da ake so a hango daga nesa. Ko a cikin littafin ilimi, idan an zo babi ko fasali, sai marubuci ya ƙara wa harafi girma ko ya canza zuwa jar tawada, don mai neman wata mas'ala ya gano wurinta da kallo ɗaya. Abin da editan jarida ke yi ke nan a yau idan ya zaɓi manyan haruffa don kanun labari.

Gwandu bayan Abdullahi

Ɗansa Muhammadu ne ya gaje shi, sannan Halilu, wanda ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858. A zamaninsu ikon Gwandu ya haɗa da Nufe da Ilori da Yawuri da wasu sassan ƙasar Gurma. Umarni da fatawa duk a wasiƙa suke tafiya, da wannan rubutu.

Garin ya ci gaba da zama matattarar littattafai. A 1853 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka a Gwandu. A nan aka ara masa kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin daular Songhai da birnin Tambutu, ya kwashe kwanaki yana tsakuro bayanai daga ciki. Ta wannan kwafi na Gwandu ne masanan Turai suka fara samun cikakken labarin wannan daula.

Bayan zuwan Turawa a 1903, hedikwatar masarautar ta koma Birnin Kebbi, boko kuma ya karɓe aikin ofis da makaranta. Rubutun allo ya tsira a tsangaya da zaurukan malamai. Daga shekarun 1950, masu ɗab'i a Zariya da Kano suka gano cewa jama'a sun fi son littafin addini da rubutun da suka saba. Sai aka riƙa ba gwanaye su rubuta da hannu, a ɗauki hoton shafin a buga shi da yawa. Waɗannan su ne littattafan da har yanzu ake shimfiɗawa a bakin masallatai da kasuwanni. Shi kuwa Liya'ut Ta'awil, da aka buga shi a Alƙahira cikin juzu'i huɗu, da haruffan gabas ya fito.

Daga gafaka zuwa waya

Masu zanen fosta da tambarin kaya a yau suna yawan neman haruffa masu kauri, tsukakku, masu miƙaƙƙun layuka, waɗanda ke da ƙamshin zamanin da. Dalilinsu bai wuce biyu ba: fuskar waya ƙarama ce, kuma ana so ido ya tsaya a kan saƙo kafin yatsa ya wuce. Yawanci daga Turai da Amurka suke sauko da irin waɗannan haruffa. Ga shi kuwa matsalar da suke son warwarewa, ta ƙarancin wuri da bukatar a gani daga nesa, ita ce marubutan Gwandu da Kano da Barno suka warware tun tuni.

An fara mayar da wannan rubutu cikin kwamfuta. A 2016 hukumar Unicode, mai tsara lambobin haruffan duniya, ta ƙara fa da ƙaf da nun irin na Afirka a jerinta. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da salon haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano, kuma kyauta ake sauke shi. Akwai kuma Harmattan, wanda aka tsara don ajamin Afirka ta Yamma, shi ya fi siranta.

Mai son amfani da su sai ya bi tsarin magabata. Mai kaurin ya dace da bangon littafi, da allon makaranta, da kalanda, da katin walimar sauka. Dogon bayani a ƙaramar waya kuwa ya fi son mai sauƙi, don kada ido ya gaji. Sannan a tabbata ɗigon fa da na ƙaf sun zauna inda almajiri ya san su, domin ɗigo ɗaya na iya sauya kalma.

Abin da ya rage

Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sunan Abdullahi yake ɗauke da shi, haka ma fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi. Akwai kwafe-kwafen littattafansa na hannu a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Jami'ar Ibadan. Wasu kuma suna nan a gidajen malamai, cikin gafaka da adaka, inda gara da ɗigar ɗaki ke yi musu barazana kowace damina.

Barazanar da ta fi wannan ita ce ta raguwar masu iya karanta su. Matashin da ya tashi da bugun Madina kaɗai, idan aka miƙa masa shafi daga Tazyinul Waraƙat na hannu, zai iya karanta ƙaf a matsayin fa tun a layin farko. Ɗaukar hoton takardun da waya zai cece su daga gara, amma hoton ba zai amfani wanda bai san harafin ba.

Saboda haka yaron da ke tsugune gaban allo a Masama da daddare, yana bin ba guje da mim jaye da yatsa, yana koyon abin da ake bukata don buɗe waɗannan littattafai. Haka Abdullahi ya fara a gaban mahaifinsa fiye da shekara 250 da suka wuce. Allah Ya jiƙansa da rahama.